Yadda ake zama mai binciken galaksi masu tsakiya mai ci da wuta

Toh da farko dai ka cire wa ranka cewa aikin nan leƙen madubin hangen nesa ne duk dare, yawancin masu yinsa gaban kwamfuta suke wuni. Abin da suke bi shi ne galaksi, wato gungun taurari masu ɗimbin yawa, waɗanda ƙaton baƙin ramin tsakiyarsu (wurin da ko haske ba ya iya kuɓuta daga jansa) yake haɗiyar gas, gas ɗin kafin ya faɗa sai ya yi ta kewaya ramin yana ɗaukar zafi har wani lokaci haskensa ya danne na duk taurarin galaksin. Carl Seyfert ya yi bayanin irinsu tun 1943, sai a 1963 Maarten Schmidt ya gano cewa wani abu mai haske da ake kira 3C 273, da ake zaton tauraro ne, ashe can nesa yake sosai, irinsa ne ake ce wa kwasa (quasar), wato tsakiyar galaksi mai tsananin haske.

Digirin farko a fiziks ko lissafi, wannan ba makawa. Python kuma, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, ka fara yau, kar ka jira a koya maka a aji.

Daga nan ka shiga rumbun SDSS, wato ma'ajiyar bayanan wani babban binciken sararin samaniya da ke intanet, kyauta ne, ka sauke bayanan hasken kwasa guda ɗaya ka zana ƙarfin hasken launi bayan launi da kanka, za ka ga wasu layuka sun yi faɗi, wannan faɗin shi ke nuna gudun gas ɗin, dubban kilomita a sakan ɗaya. In hasken tsakiya ya canja, gas ɗin da ke nesa sai bayan kwanaki ko makonni yake amsawa, tunda an san gudun haske, jinkirin nan ya ba ka nisan gas ɗin daga ramin, ka haɗa nisa da gudu sai ga nauyin ramin. Gaskiya duk wanda wannan lissafin bai burge shi ba gara ya nemi wani fannin tun da wuri.

A digirin digirgir malamin da zai duba ka ya fi sunan jami'a muhimmanci, ka tambayi ɗalibansa a gefe ko yana samun lokacinsu. Ka koyi rubuta takardar neman lokacin amfani da madubin hangen nesa na sararin samaniya irin su Chandra ko James Webb, masu nema sun ninka guraben sau da yawa don haka in an ƙi taka ba wani abu ba ne, ka gyara ka sake turawa.

Bayan nan sai aikin kwantiragi na shekara 2 ko 3, sau ɗaya ko biyu, sau da yawa a wata ƙasar, kujerar dindindin kuwa kaɗan ce, shi ya sa da yawa ke komawa kamfanoni aikin tantance bayanai da Python ɗin nan dai.