Yadda ake kai kaya daga Dubai zuwa Saudiyya ba tare da biyan kuɗin fito sau biyu ba

Ƙasashe shida na Majalisar Haɗin Kan Yankin Gulf, wato Saudiyya, Daular Larabawa, Kuwait, Katar, Bahrain da Oman, sun haɗe harkar kwastan tun Janairun 2003. Ƙa'idar ita ce kayan waje su biya kuɗin fito sau ɗaya a tashar da suka fara sauka, kashi 5 cikin 100 ga yawancin kaya. Takarda ce ke tabbatar da an biya, kuma a nan 'yan kasuwa ke tuntuɓe.

Da farko ka san matsayin kayanka. In daga Sin suka zo aka biya fito a Dubai, dillalin kwastan zai cike takardar fitar da kaya a tsarin Mirsal 2, wato na'urar kwastan ta Dubai, ya nemi tambarin Makasa mai nuna an riga an biya fito. Tambarin ne shaidar da za a duba a iyakar Batha ta Saudiyya bayan mota ta wuce Ghuwaifat, iyakar ɓangaren Daular. Lambar da kwastan ke ba nau'in kaya, adadi da ƙima su zo daidai da na takardar shigowa ta farko. Ko katan ɗaya ya bambanta, mota na iya kwana a iyaka, ko a sa ka sake biya.

Kayan da ke ajiye a yankin ciniki maras haraji na Jabal Ali da ke Dubai ba su biya komai ba tukuna, don haka babu zancen Makasa. A Saudiyya za a biya.

Kayan da aka ƙera a cikin Daular kuwa suna shiga kyauta, amma da sharaɗi. Tun Yulin 2021 Saudiyya ke neman aƙalla kashi 40 na darajar kayan ya zama aikin cikin gida, kashi 25 na ma'aikatan masana'antar kuma 'yan ƙasa. Abin da aka ƙera a yankin maras haraji ba ya cikin rangwamen. Karɓi takardar shaidar asalin kaya kafin a yi lodi.

Sauran abu biyu. Mai karɓar kaya a Saudiyya ya yi rajistarsu a dandalin Saber na hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasar, ya ciro takardar inganci tun mota ba ta tashi ba. Sannan harajin VAT daban yake da fito: kashi 5 ne a Daular, amma 15 a Saudiyya tun Yulin 2020, kuma Makasa ba ta ɗauke shi. Sa shi cikin lissafinka kafin ka yanka wa mai saye farashi.