Yadda Na Gyara Samfurin Ɗakin Da Kusurwoyinsa Suka Ƙi Haɗuwa

Kaurin kwali ne ya jawo matsalar. A ma'aunin 1:50 (wato santimita 1 a samfuri na wakiltar santimita 50 na ainihin gini), ɗaki mai faɗin mita 3 daga waje santimita 6 ne, amma kaurin kwalin milimita 2 ne. Sai na bar bango biyu a santimita 6, na cire kaurin kwali biyu daga sauran suka koma 5.6, suka shige tsakani cif-cif.

Wajen yanka, a dafa rular ƙarfe a bi layin sau uku a hankali, domin danna wuƙa da ƙarfi na murƙushe bakin kwali. Gam kaɗan da tsinke ya isa, in ya yi yawa kwalin kan jiƙe ya lanƙwashe.

Rufin kam ban manna ba, don ɗalibi ya ɗaga ya leƙa sararin ciki, ya haska tocila ta taga ya ga inda inuwa ke faɗawa.