Yadda za ka kuɓuta daga tarkon masu sayar da taimshiya

Wannan rubutu na 'yan uwa ne mazauna Amurka da Ingila, da masu kai iyali hutu Orlando ko Las Bagas ko Kankun ko tsibiran Kanari, don a can harkar nan ta fi ƙarfi. Taimshiya dai shi ne kamfani ya sayar maka da damar kwana a gidan shaƙatawa na sati ɗaya duk shekara, ko ya ba ka maki ka riƙa kama ɗaki da su. A Amurka kuɗin sayen yakan haura dala 20,000, sannan ga kuɗin kula da gini sama da dala 1,000 duk shekara, ko ka je ko ba ka je ba, kuma hawa yake yi baya sauka.

Da kyauta suke farawa. Wani zai tare ka a otal ya ce ga tikitin wajen wasan yara ko kwana biyu kyauta, kawai ka zo da madam ku saurari bayani na minti 90. To minti 90 ɗin nan sai ya koma awa huɗu ko biyar, yara na kukan yunwa, mai tallan farko ya gama ya kira manajansa, manaja ya jawo takarda ya zabge farashi ya ce amma fa na yau ne kawai, kuna fita shi ke nan. Ƙarya ce, gobe ma akwai. In har sai ka je don kyautar, saka ƙararrawa a waya, ka bar katin banki a ɗaki, lokaci na cika ka miƙe. Kar ka ce "ya yi tsada" ko "sai na yi shawara", duk suna da amsar waɗannan a haddace. Ka ce ba na saya, ka maimaita, kar ka kawo dalili.

Maganganun da suka fi kai kamfanonin nan kotu kusan iri ɗaya ne: wai jari ne zai ƙara daraja, wai kamfani zai saye abinsa in ka gaji, wai za ka ba da haya kuɗin kulawa ya fito. Kafin ka yarda buɗe shafin saye da sayarwa na eBay a wayarka nan take, za ka ga masu taimshiya suna neman mai karɓa a dala 1 don kawai su huta da biyan shekara. Duk alƙawarin da aka yi maka ka ce a nuna maka shi a cikin kwantiragi, domin yawanci akwai sakin layi da ke cewa ba ka dogara da wata maganar baki ba, kuma kai da kanka za ka sa hannu a ƙasansa. Duba kuma ko an rubuta cewa rigima sai dai wajen mai sasantawa ba kotu ba. Bashin da suke bayarwa a wurin ma ruwa ne a kai mai nauyi, wanda ga musulmi wannan kaɗai ya isa ya tashi.

To in aikin gama ya gama ka riga ka sa hannu fa? Nan ne ba a wasa da lokaci ko kaɗan. Doka ta ba ka 'yan kwanaki ka fasa a dawo maka da kuɗinka: Florida kwana 10, Kalifoniya 7, Nebada 5, Meziko kwanakin aiki 5, ƙasashen Tarayyar Turai da Ingila kwana 14, a can ma haramun ne su karɓi ko sisi kafin kwanakin su cika. Kar ka kira wanda ya sayar maka, zai yi ta ja maka rai da daɗin baki ne har wa'adi ya wuce. Nemo shafin da ke maganar fasawa, rubuta gajeriyar wasiƙa da sunanka, lambar kwantiragi, ranar sa hannu, da cewa ka fasa, duk wanda sunansa ke takardar ya sa hannu, ka aika adireshin da aka rubuta ta gidan waya irin aiken da ake ba da rasit, ka ɗauki hoton komai ka adana.

In wa'adi ya wuce abin ya yi wuya amma ba a rasa hanya ba. Zauna ka rubuta duk abin da aka faɗa maka tun kana tunawa, haɗa da takardu da saƙonni, ka fara tambayar kamfanin ko suna karɓar abinsu, sannan ka kai ƙorafi ofishin babban lauyan jihar da aka yi cinikin, ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta Profeco in a Meziko ne. Ana cin nasara wani lokaci. A 2016 kamfanin taimshiya na Diamond Resorts ya amince ya biya dala 800,000 a sulhu da jihar Arizona, aka kuma ba wasu masu saye damar ajiye kwantiraginsu. A shekarar dai masu taya alƙali yanke hukunci a San Faransisko suka ba wata tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin taimshiya na Wyndham dala miliyan 20, bayan an kore ta don ta tona yadda ake yaudarar tsofaffi, kodayake an rage kuɗin daga baya. A Sifen kuwa kotun ƙoli ta yanke a 2015 cewa kwantiragin har abada ya saɓa wa dokar 1998 da ta ƙayyade shekara 50, mutane da yawa sun bi ta nan sun karɓo kuɗinsu. Sai dai shari'a na cin shekaru, kuma kar ka daina biya haka kawai ba tare da shawarar lauya ba, za su ɓata maka suna wajen masu ba da bashi.

Saura ɓarayin zagaye na biyu, masu kira su ce sun samo maka mai saye ko za su fitar da kai, amma ka fara turo kuɗin haraji ko na takardu. A 2023 Baitulmalin Amurka ya sa takunkumi kan wasu kamfanoni a garin Puerto Vallarta na Meziko da ke yi wa ƙungiyar masu safarar ƙwaya ta CJNG aikin wannan damfarar. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin aiki kashe wayar, in kuma ya ce shi lauya ne, nemi sunansa a rajistar lauyoyin jihar da ya ambata.