Yadda ake sauko da tirela mai lodi daga gangare ba tare da birki ya shanye ba

Duk sanda tirela ta markaɗe ƙananan motoci a Hawan Kibo, kan hanyar Jos zuwa Akwanga, magana ɗaya za ka ji, wai birki ne ya ƙwace. Toh birki ba ya ƙwacewa haka siddan, yawanci direba ne ke ƙona shi da ƙafarsa tun daga saman dutse, musamman yaran motan da oga ya ba makulli kwanan nan, sun ƙware a shimfiɗaɗɗen titi irin na Kano zuwa Zariya amma ba wanda ya zaunar da su ya koya musu gangara. Maganar kuloci da sitiyari ba zan taɓa ta ba, wanda bai iya wannan ba me ya kai shi kan tirela.

Da farko ka faka kafin bakin gangaren, ko da kuwa bayanka ana ta danna maka hon. Ka bari iska ta cika, ka kashe inji, ka taka birki ka riƙe kamar minti ɗaya idonka na kan allurar iska. In tana sauka a hankali to akwai inda ke yoyo, ka duba tiyon da ya haɗa kai da bodi, nan ne ake yawan ɗaurewa da roba a ce za ta kai Legas. Ka buɗe ƙasan tankunan iska ruwan da ya taru ya zube. Sannan ka zagaya ka kai bayan hannunka kusa da duram na kowace taya, wato ƙarfen da birki ke matsewa a cikin taya, ba taɓawa ba. Duram ɗin da ka ji sanyi ƙalau bayan doguwar tafiya ba lafiya gare shi ba, ba ya kamawa ne sam, 'yan uwansa ke ɗaukar nauyinsa, kuma su za su fara ƙonewa.

Yanzu giya, nan ne ake mutuwa. Ka zaɓi giyarka kana saman tudu mota na tafiya a hankali, ba sai ta ɗauki wuta ba. Giyar da za ka hau tudun da ita da wannan lodin, da ita za ka sauka, ni a wajena ma a rage ɗaya shi ne daidai. Ka kunna birkin inji ko ritada, wato na'urar rage gudu ba tare da taka birki ba, in motarka na da ita, inji ya riƙe nauyin, birkin ƙafa taimako ne kawai. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu sakin mota a firi, wato ba giya, wai suna adana man gas, a sayar da 'yan litocin da suka ragu a sa a aljihu. Mota a firi inji na silo, kwamfiresa ba ya cika iska da sauri, nauyin tan talatin ko fiye gaba ɗaya ya koma kan birki, kuma da zarar gudu ya wuce misali giya ba za ta sake shiga ba, sai ƙara kawai za ka ji kana ta kokawa da ita ga kwana ta taho. Wallahi kuɗin man nan ko taya ɗaya 'yar Beljiyam ba zai saya maka ba.

Taka birkin ma da yadda ake yi. Kar ka ɗora ƙafa ka bar ta tun daga sama har ƙasa, duram zai yi zafi ya buɗe, lainin, wato abin da ke goga jikin duram, ya yi santsi kamar gilashi ya daina kamawa, kuma mugun abin shi ne birkin iska ba ya nuna maka a ƙafa, takawa na nan yadda ka saba amma mota ba ta rage gudu. Kar kuma ka riƙa famfo, taka saki taka saki da sauri, kowace saki iska kake zubarwa. Ka bari gudu ya kai inda ka yanke wa kanka, ka taka sosai ya ragu da kamar kilomita 10 a awa, ka ɗage ƙafa gaba ɗaya duram ya sha iska, sai ka maimaita. Allurar inji kar ta shiga ja.

In ka ji warin ƙauri ko yaronka ya ce hayaƙi na fita a taya, nemi fili ka tsaya tun birkin na da sauran rai, a sa weji, a jira ya huce da kansa, banda watsa ruwa don duram na iya tsagewa. Mai tanka da ba a cika ba ya ƙara rage gudu kafin kwana, man ciki na komawa gefe ɗaya ya kayar da mota. Dokar rod sefti ma kilomita 50 a awa ta ba tirela da tanka a babban titi, 60 a titin ekspres, gangare kuwa ko rabin haka ya yi yawa. Mai jin gyangyaɗi ya kwanta tun a saman tudu kafin ya sauko, tiramol ba ta maganin barci. In kuma an riga an makara birki ya tafi, danna hon, kunna duk fitilu, ka goga gefen motar a jikin dutse ko ka shiga fili tun gudun bai yi nisa ba, kar ka nufi inda motoci suka yi layi a shingen bincike ko kasuwar bakin titi.