In an ce za a yi gidajen haya a filin tsohuwar lekwal ɗin kartiyenku, ga ta inda za ku faro

Irin wannan abu ba a sanarwa a rediyo. Wata safiya kawai za ku ga masu awo sun kafa na'urarsu mai ƙafa uku a filin da yara ke buga bal, bayan kwana biyu tifa ta juye yashi, sai labari ya fito wai tunda lekwal, wato makarantar, ta koma sabon wuri za a ta da benaye ko a jera ɗakunan haya. Daga nan grup ɗin WhatsApp na kartiye ya ɗauki zafi, kowa na tura saƙon murya yana rantsuwa. To wallahi surutun nan ba ya hana a ɗora bulo ko ɗaya, takarda ke tsayar da gini, ita ma sai an kai ta kan lokaci.

Ku fara da sanin filin na wane ne a rubuce, don "ai na lekwal ne" ba amsa ba ce a biro. Tun dokar ƙasa ta 6 ga Yuli 1974 a Kamaru akwai fili mai titir fonsiye, wato takardar mallaka ta hukuma, na mutum ko na gwamnati ko na meri, akwai kuma domen nasiyonal wato wanda ba titir a kansa. Lekwal da yawa a nan arewa jauro ko lawan ne ya nuna wurin da baki tun zamanin kakanni, aka yi azuzuwa aka ci gaba, ba wanda ya je ya yi takarda, kuma ta wannan ƙofar ake shigowa. Ku tura mutum biyu masu Faransanci a baki su je delegasiyon MINDCAF ta departema, wato ofishin ma'aikatar filaye, su nemi kadastar su ga plan ɗin wurin, in akwai lambar titir su nemi certificat de propriété a konsarbasiyon fonsiye, biron da ke riƙe da rajistar titir, shi zai nuna sunan mai filin. Su riƙe kuɗin tembur.

In ya zama ba titir tukuna, wani ne ke nema, to kun yi sa'a babba. Dosiye irin wannan sai ya bi ta komisiyon da suprefe ke shugabanta, sarkin wurin da dattawansa biyu suna ciki, a fito fili a kafa born, wato duwatsun iyaka, sannan a buga sanarwa a mujallar filaye ta rejiyon, daga bugawar kuna da kwana 30 ku shigar da opozisiyon, wato takardar ƙin yarda. Kwana 30 fa, ba damina guda ba. Kuma mai neman titir kai tsaye a domen nasiyonal dole ya nuna shi ko iyayensa suna zaune ko suna noma wurin tun kafin 5 ga Agusta 1974, to wanda ya ce gonar kakansa ce alhali kartiye cike yake da tsofaffin da suka yi karatu a ƙarƙashin darbejiyar filin, ai aikinku ya yi sauƙi. Ku nemo tsohon darakta in yana raye, da rajistar APE ta iyayen yara, da rasit na kuɗin da aka tara aka yi aji, da tsofaffin hotunan raba biltan, duk abin da ke da kwanan wata a jiki.

In kuma filin gwamnati ne da aka ware wa ma'aikatar ilimi, ba mai sayar da shi da baki, sai da takardar minista. Ku tambayi inspekta na makarantun firamare ko an saki wurin, ku ce a nuna muku kopi. Amma in lekwal ɗin ta misiyon ce ko ta wani mutum kuma titir ɗinsa lafiya lau, kar ku ɓata kuɗi kan mallaka, nasa ne. Abin da ya rage muku shi ne izinin gini. Dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004 ta ce ba a gini sai da permi, a Garwa da Marwa da Ngaundere kuwa meri na birni ke bayarwa, ku je can ku tambaya an bayar ko ba a bayar ba, na hawa nawa, kuma tsarin birni ya ware wurin don me.

Nan ne mutanenmu ke kwafsawa, sai a rubuta wasiƙa a ce ba mu son 'yan haya, ba mu son baƙi, za su ɓata mana tarbiyya. Ba jami'in da zai soke permi don wannan, kuma tsakani da Allah 'ya'yanmu ma ɗaki suke nema su yi aure, da yawa cikinmu da haya muka faro. Ku yi maganar da injiniya ba zai iya kauce mata ba. Filin nan shi ke shanye ruwan sama na kartiye, in an shafe shi da siminti ina ruwan zai bi, wanda ya ga ambaliyar 2012 a Garwa ko ya ga mayo Kaliao ya cika a Marwa ya san abin da nake nufi. Ramukan masai nawa za a haƙa, mita nawa tsakaninsu da rijiyoyin maƙwabta. Lungun zai ɗauki motar pompiye ko ko mashin kaɗai ke wucewa. Tagogin hawa na uku za su leƙa tsakar gidajen mutane inda mata ke aiki. Yaran sababbin gidajen kuma a wace lekwal za a zuba su tunda wadda ake da ita har ƙasa ake zama.

Ni a ganina kar ku tsaya kan "ba za a yi ba" kaɗai, ku shiga da abin da za ku iya karɓa, a rage hawa, a bar wani sashe na wasan yara ko na azuzuwa biyu nan gaba, a yi kwata har babbar hanya kafin a zuba fondasiyon, kuma komai a rubuta a sa hannu gaban suprefe, alkawarin bakin ɗan kwangila ba ya kai ƙarshen wata.

Wasiƙar ku yi ta da Faransanci, shafi ɗaya ya isa, kowa ya sa hannu da lambar kart dantite ɗinsa, kuma kar ta zama ta Hausawa zalla ko ta masallaci ɗaya, ku sa Fulani da Kiristocin kartiye da mata da masu haya. Duk biron da kuka kai ku riƙe kopi a buga muku tampon da kwanan wata, in ba deshaj kamar ba ku kai ba ne. Jauro ku fara gaishe shi da girma, ranka ya daɗe mun zo neman shawara, ko da kuna zargin da hannunsa a ciki, don in maganar ta kai fadar lamido tambayar farko ita ce kun bi ta wajensa.

Kar wanda ya tumɓuke born ko ya taɓa kayan ma'aikata, laifi ne, daga nan maganar fili ta koma maganar belin samari a komisariya. Fita kan titi ma sai an sanar da suprefe kwana 7 kafin ranar. In sun fara haƙa, ku kira wisiye, jami'in shari'a mai rubuta abin da ya gani, ya zo ya yi konsta da hotuna.

In an riga an ba da titir ko permi, saura kotun administratif, kowace rejiyon tana da tata, amma ba a zuwa kai tsaye. Sai kun fara rubuta wa hukumar da ta ba da takardar ta janye, cikin wata 3 daga fitarta ko sanar da ita, in ta yi shiru wata 3 an ƙi ke nan, sai ku shigar da ƙara cikin kwana 60, ku ce wa aboka, wato lauya, ya haɗa da roƙon a dakatar da aikin kafin hukunci. Kuɗinsa da na wisiye ku fara tarawa tun taron farko, ma'aji daban mai rubutu daban, a riƙa karanta lissafi duk ranar Juma'a bayan la'asar.