Kafin ku yarda da makin da AutoDock Vina ya ba ku

'Yan'uwa ɗaliban kimiyyar sinadarai na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ga shawara ga masu gwada yadda ligan (ƙaramin sinadari, kamar magani) ke kama furotin a kwamfuta da manhajar AutoDock Vina, mai ba da maki kan ƙarfin kamun. Kada ku fara da sinadaranku na zogale ko bagaruwa. Ku fara da ligan ɗin da ya zo cikin fayil ɗin PDB (fayil ɗin siffar furotin): ku cire shi, ku mayar da shi da Vina, ku auna RMSD, wato tazarar da ke tsakanin inda Vina ya sa shi da wurinsa na asali. In ya wuce 2 Å (angstrom, ma'aunin tsawo a matakin atom), shirinku na da gyara, duk makin da zai biyo baya shirme ne.

Ɗauki fayil 1J3I, wato furotin DHFR na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Da yawa kan share komai da sunan tsabtacewa, har da NADPH, sinadarin da ke taimaka wa DHFR aiki. To NADPH bango ne na ramin da ligan ke shiga. In babu shi, ligan zai kwanta inda ba wurinsa ba. Ku bar shi, ku ƙara haidurojin daidai da pH 7.4, sannan ku duba ko ligan ya kama Asp54, wani amino asid da ke cikin ramin.

Akwati kuma, wato yankin da ake sa Vina ya bincika: Vina na aunawa da Å, manhajar AutoDock4 kuma da ɗigo masu tazarar 0.375 Å. Wanda ya kwafo 60 daga AutoDock4 ya sa a Vina ya yi rumbu, ba akwati ba. 20 zuwa 25 Å ya isa. Zurfin bincike (exhaustiveness) yana zuwa kan 8, ku kai shi 32, amma zai ɗauki lokaci, ku cika batiri tukuna saboda ɗaukewar kuran.

Bambancin makin -8.1 da -8.4 kcal/mol ba komai ba ne, kuskuren Vina ya kai 2 zuwa 3.