Kurakuran da ke ɓata mana zaman dare lokacin Kirsimeti: zoɓo, karatu da kwalliyar ɗaki

Disamba ta shigo hunturu ya kankama, daga Jos zuwa Kafanchan, Zonkwa, Tafawa Balewa, Biliri har Sabon Garin Kano kowa na lissafin shinkafa da kaji da ɗinkin yara. Ni dai abin da ya fi damuna shi ne ɗan zaman nan na bayan faɗuwar rana, lokacin da sanyi ya kora kowa ɗaki, ga abin sha a hannu, yara na yanke-yanken takarda, wani na karatu ana sauraro. Zama ne mai daɗi ƙwarai amma kurakurai iri ɗaya ke ɓata shi duk shekara, kuma da yawansu mun kwaso ne daga hotunan ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, alhali namu sanyin busasshe ne mai ƙura.

Bari in fara da zoɓo tunda babu gidan da ba a yinsa. Kuskure na farko, a juye shi a tukunya ba wanki. A ƙasa ko kan tabarma ake shanya zoɓo, yana zuwa da yashi, dole a ɗauraye shi da ruwan sanyi sau biyu ko uku amma da sauri, in kika bar shi ya jiƙa a ruwan wankin toh rabin kalar ta tafi kenan. Na biyu shi ne dogon dahuwa. Wasu na ɗora shi awa guda wai don ya yi kauri, abin da ke fitowa bauri ne da ɗaci, sai a dinga labta suga ana neman gyara. Kofi 2 na busasshen zoɓo ya ishi ruwa kamar lita 3, ki fara tafasa citta da kanumfari da ɓawon abarba da kika wanke tas, su ne masu son wuta, sannan ki zuba zoɓon ya yi minti 15 zuwa 20 ki sauke ki rufe ya huce da kansa. Kuma don Allah a lura da tukunya, zoɓo na da tsami, tsamin nan yana cin tukunyar dalma, shi ya sa wani lokaci zaki ji ɗanɗanon ƙarfe-ƙarfe kuma kalar ta dusashe. Tukunyar silba mara tsatsa ta fi, in babu toh kar a bar shi ya kwana a cikin ta dalman, a tace a juye.

Suga kuma sai bayan an tace. In kin markaɗa ɗanyar abarba ko kankana kin zuba, ki sani kin rage masa kwana, in babu firij, kafin ya wuce yini zai fara kumfa. Ki raba biyu, wanda za a sha yau a sa masa kayan marmari, sauran a ajiye shi zalla. Abin da mutane ke mantawa kuma, ba dole sai da ƙanƙara ake shan zoɓo ba. A daren Jos da sanyi ke ratsa ƙashi, a ba yaro mai tari zoɓo mai ƙanƙara ai ba gata ba ne. Ki ɗumama shi da citta a sha kamar shayi. Sai dai mai juna biyu da wanda ke shan maganin hawan jini su tambayi likita kafin su yawaita, don zoɓo yana sauke hawan jini, sannan jaririn da bai cika shekara 1 ba ba a ba shi zuma ko kaɗan, ko a zoɓo ko a kunu.

Kunun aya shi ne ya fi ba mutane kunya. Ana yinsa daren 24 ga wata don baƙin ranar 25, gari na wayewa ya yi yauƙi ya yi tsami an yi asarar aya da dabino da kwakwa. Kunun aya ba ya jira. Abin da zaki yi da dare shi ne tsince ayar, ki wanke ki jiƙa ta ta kwana, niƙa da tata kuma sai da safe, kuma ki tabbata an wanke injin niƙan don ragowar tattasai ko waken wani na iya lalata miki komai. In wuta ba tabbas, yi daidai wanda za a shanye.

Kunun gyaɗa nasa matsalar biyu ce. Ba a tsince gyaɗa, alhali ƙwayar da ta yi baƙi ko fumfuna tana sa ɗaci kuma tana da illa ga hanta, a zubar da ita kawai. Sai zuba ruwan tsamiya ko lemun tsami yana tsaka da tafasa, nan take ya tsinke ya yi gudaji. Ki sauke tukun, sannan ki zuba tsamin kaɗan kaɗan kina juyawa. Haka shayi ma, kayan ƙamshi irin su citta, masoro, kimba da kirfa a tafasa su sosai, ganyen shayin a ƙarshe na 'yan mintuna, kuma ba a haɗa madara da lemun tsami a kofi ɗaya.

Akwai maganar da nake so a ɗauka da muhimmanci. A garuruwanmu an saba, Kirsimeti a kai wa maƙwabta Musulmi abinci, Sallah su ma su aiko. Toh abin shan da za a kai musu ya zama sabo ne na ranar, ba kunun zaƙin da ya kwana biyu ya fara tashi ba, kuma a cikin jug ko kular da ba a taɓa zuba burkutu ko giya a ciki ba. Mutum ya karɓa da natsuwa ya sha da natsuwa. Su kuma robobin lemo da ake tarawa a ɗura zoɓo, in ba na gidanki ba ne ba ki san bakin da ya sha ba, a wanke da sabulu har murfin, a kife su bushe, kuma kar a ɗura abu da zafinsa.

Karatu kuwa, babban kuskuren shi ne ɗauko abu mai tsawo. Uba ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya kama sura bayan sura, yara sun yi barci tun a ta farko, gobe in aka ce a zo karatu kowa ya zame. Labarin haihuwar Yesu gajere ne fa, Luka sura 2 aya 1 zuwa 20 ga makiyaya da komin dabbobi, Matiyu sura 2 aya 1 zuwa 12 ga masanan da suka zo daga gabas. A raba shi dare-dare, aya kaɗan, a bar yaron da ya iya karatu ya karanta ko yana tuntuɓe, a daina katse shi kowace kalma. Kuma a karanta da harshen da kaka take ji. Tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, babu dalilin da zai sa tsohuwa ta zauna shiru ana ta Turanci a kanta. Bayan nan a ba ta fili ita ma, ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara su ce ta zo mu ji ta, don tatsuniya ma karatun dare ce. Waya dai a kife ta, in daga waya ake karantawa saƙo ɗaya na shigowa an rasa mai karatun.

Wajen kwalliya, sai ka ga an sayo auduga an manna a taga wai ƙanƙara, kwana biyu ƙurar hunturu ta mayar da ita ja. Ga kayan aiki nan zube kyauta: karan dawa da aka gama girbi, wanda yara ke ɓare bayansa su haɗa mota da gilashi da ɓargon, shi zai yi bukka da komi da tumaki. Ƙyallayen atamfa wajen tela, wannan watan buhu-buhu suke zubarwa, a roƙa a yanka a jera a zare. Ƙananan ƙwarya, kaba, ɓawon gyaɗa. Gam ma ba sai an saya ba, a dama sitaci da ruwan zafi ko a jiƙa ƙaro. Kuskuren shi ne a bari sai ranar 24, uwa na suya tana tsawa yara na neman almakashi. A fara tun mako biyu kafin, kaɗan kaɗan kowane dare, kuma babba ya daina karɓe aikin yana gyarawa, tunkiyar da ta karkace ta yaron ce. In suna haɗa mutanen labarin, a nuna musu cewa Matiyu bai faɗi adadin masanan ba, kyautai ne guda 3, zinariya da lubban da mur, kuma a gida suka sami yaron, ba tare da makiyaya suka iso ba. Yara na son irin wannan binciken, su buɗe su gani da idonsu.

Sai wuta, kuma nan ne ba wasa. Hunturu na busar da komai, takarda da kara da labule ƙiris suke jira. Kyandir kusa da kwalliya ko kan talabijin ko kan roba kuskure ne, a dasa shi a faranti na ƙarfe ko gwangwani mai yashi, nesa da hannun yara. Ƙananan fitilun nan masu walƙiya na araha, kar a jona waya da waya a naɗe da leda, kuma a zare su daga soket kafin a kwanta ko a tafi coci, don in an ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi ba kowa a gida, daga nan gobara ke tashi.

Wanda ya fi duka haɗari shi ne shigar da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi. Gawayi na fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da kala, mutum na barci take kashe shi, haka ma hayaƙin janareta in an ajiye shi a baranda kusa da taga ko cikin kicin. In za a ji ɗumin gawayi a ji a tsakar gida, kuma kafin barci a tabbata yana waje gaba ɗaya, a ƙara bargo da safa da hular sanyi. In kuna zaune mutum biyu ko uku suka fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya lokaci guda, kar a ce gajiyar biki ce, a buɗe ko'ina a fita waje nan take, wanda ya galabaita a wuce da shi asibiti.